Allurar Sikeli

Shekara goma sha tara ina gyaran sikeli
a bayan layin 'yan tattasai, kasuwar Mil Sha Biyu,
inda laka ke cin takalmi har tsakar rani.
Aikina ɗaya ne: in mayar da allura kan sifili,
in ƙyale ta ta faɗi abin da aka ɗora mata.

Ba ta san ɗan gari ba, ba ta san baƙo ba.
Buhun Iya Morenike da buhun Alhaji Nomau,
in kilo hamsin ne, hamsin za ta nuna,
ko kasuwar duka ta taru ta rantse sittin ne.
A wurinta na yi karatun da ban samu a aji ba.

Wata Laraba Nomau ya zo da nasa a kafaɗa,
ya rage murya: "Cindo, ɗan danne ta kaɗan.
Rabin kilo a kwando, wa zai lura?"
Na ce, ni zan lura.
Ba tsoron hukuma ba ne, ba ta shigowa lungun nan.
Lissafi ne: ran da na koya wa allura ƙarya,
da me za a auna shinkafar da matata za ta saya?
Ya tafi yana huci. Wata biyu sai ga shi,
ashe wanda ya danne masa tasa
ya danne wa dillalin da ke auna masa kaya.

Da zaɓe ya matso aka tara mu ƙarƙashin rumfa,
shugaban 'yan kasuwa da lasifika a hannu:
"Mu baƙi ne a Ikko, bakinmu ɗaya,
an riga an zaɓa mana, ku dai ku dangwala."
Aka bi layi da atamfa da 'yar shinkafa a leda.
Na ɗaga hannu na ce, kwatar nan da ke shigo mana shago,
yaushe zai gyara ta, da wane kuɗi,
kuma harajin bara ina ya kwana?
Aka ce ruwan Legas ya wanke min zumunci.
Kwana arba'in mai shayi bai ce min sannu ba.
Da dare na dubi babban yatsana a hasken tocila:
zanen nan babu mai irinsa daga Ketu har Agege,
to don me zan ba da shi aro?

Ban ce na fi kowa sani ba.
Na taɓa zaɓen tumun dare da hankalina,
shekara huɗu ina cizon wannan yatsan.
Amma kuskuren nawa ne, na san notin da zan kwance.
Kuskuren taro maraya ne,
kowa ya ce ba ɗansa ba.

Sai ran Asabar, a cikin danfo,
gosulo ya tsaya cik a Ojota,
Saude, 'yata ta biyu, ta ce ba za ta yi karatun jinya ba.
Injin jirgin ruwa take so ta koya, a Apapa.
Ban san sanda bakina ya ce, mutane za su ce me?
Ta juyo a hankali:
"Baba, mutane kilo nawa ne?"

Kwandasta na faɗa kan canji,
yaro na buga gilashi da ruwan leda.
Na laluba aljihun dama neman hujja, na laluba na hagu,
babu komai sai tsoro da kunyar majalisa.
Na ɗora su.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta dawo sifili.

Ran Litinin na raka ta sayen fom.
Har yau cikina na ɗurar ruwa in na tuna zurfin teku,
ban kuwa ɓoye mata ba.
Na dawo na buɗe rumfa wajen azahar,
sikeli uku na jirana a kan benci,
ɗaya na Nomau ne.